Ƙeyar Goggo Porzia

A garinmu Bari da ke bakin teku, da zarar zafi ya kankama, ba mai hankalin da zai zauna cin abincin dare a ɗaki. Gidajenmu na tsohon gari matsattsu ne, bangon dutse ya wuni yana shan rana, da almuru kuma ya juyo yana amayar maka da ita. Shi ya sa rana na faɗuwa lunguna ke cika da mutane, wannan da tebur mai naɗewa a ka, wancan da kujerun roba, mata da tukwane ɗaure cikin tawul, kowa ya nufi bakin ruwa, ƙarƙashin ganuwa. Kowane gida da gurbinsa. Ba wanda ya taɓa raba wurin, amma ka kuskura ka kafa teburinka a na wani, a ranar za ka ji tarihin kakanka tun daga farko.

Namu gurbin yana gindin fitilar titin nan da ta karkace tun ranar da wata motar kifi ta goge ta. Mai teburin Goggo Porzia ce, yayar mahaifina. Gajeruwa ce, kakkaura, da murya irin wadda in ta kira ɗanta daga ƙofar gida sai yaran lungun baya ma su amsa. Ita ke dafa abin da za a ci, ita ke cewa wa zai zauna ina, ita ke yanka kankana. Ban taɓa ganin ta yanka daidai ba, wanda take fushi da shi a ranar shi ke samun gefen ɓawo. Ina son matar nan fiye da yadda nake iya gaya mata, don ko na gaya mata cewa za ta yi me nake nema.

Duk wanda ya sauko bakin ruwa, ruwan ya zo kallo. Fitilun tashar jirage suna zuba a kansa, manyan jiragen fito suna tsaye cikin haske ana yi musu lodi, iska tana zuwa da ɗan sanyi da ƙanshin soyayyen tuwon masara da tsofaffin mata ke sayarwa a gefen hanya. Samari da 'yan mata suna kai da kawowa suna lasar askirim, kowa na yi kamar ba don wani ya fito ba. Kujeru duka teku suke fuskanta. Ta Goggo kaɗai ke ba shi baya. Tun ina ƙarama haka na gan ta, fuska ga ganuwa, ƙeya ga ruwa, tana zuba abinci tana faɗa. Baƙi sukan ɗauka don ta ji daɗin hidima ne. Mu 'yan gida mun san ba haka ba ne, mun kuma san ba a tambaya.

Sai da na girma na buɗe shagon gyaran gashi, ta zama mai zuwa wurina duk Asabar, sannan ta gaya min da bakinta, idonta a kan madubi. Kakanmu Sabino masunci ne, irin masu fita da dare da fitila a bayan kwalekwale. Matan masunta a wurinmu suna da doka: za ki raka mijinki har bakin ruwa, amma ana kwance igiya ki juya ki kama hanyar gida. Ba a bin jirgi da ido har ya ɓace, wanda aka yi wa haka ba ya dawowa. Wani dare, lokacin Goggo ko famfara ba ta gama ba, sai ta zare hannunta daga na uwarta, ta hau wani dutse, ta tsaya kallon fitilar babanta. Ta ce kyau ta yi mata. Ta yi ta kallo, fitilar tana ƙanƙancewa, har ta daina ganin ta. Kafin asuba iska ta tashi. Abin da aka tsinta bayan kwanaki kwando ne da filafili ɗaya.

Na ce, "Haba Goggo, iska ce fa. Yarinya ƙarama ina ruwanta da iska?"

Ta ce, "Ke dai Graziella, gyara min bayan nan da kyau. Gaba ba mai kallo."

Wannan maganar kullum sai ta yi ta in ta zauna a kujerata, kuma tana da dalili. Matar da teku ya yi wa wannan aika-aika, da ta tashi aure sai ta auri mutumin teku. Baba Onofrio kuku ne a jirgin fito, wani zubin hanyar Girka, wani zubin Albaniya. Dogo ne, siriri, da gashin baki da yake ji da shi, ga surutu kamar ya haɗiyi rediyo. Kyaftin take kiran sa, don tsiya, tunda abin da ya taɓa tuƙawa a rayuwarsa bai wuce tukunya ba. Shi kuma ya ce mata Gimbiya, kuma shi har zuciyarsa yake faɗa.

Daren da jirginsa zai tashi, Goggo takan sa farar rigar sanyinta ko da zafi na kashe mutane, ta kunna fitilar gas a kan tebur, ta zauna yadda ta saba. Jirgi na janyewa daga tasha sai Baba ya bar tukwanensa, ya fito ta ƙofar bayan kicin, ya yi ta kaɗa farin tawul. Mu yara mu hau tsalle muna ihu, "Ga shi can! Goggo, ga Baba!" Ita ko gezau. Sai dai ta tsayar da ludayi ta ce, "Ya ɗaga?" Mu ce ya ɗaga. Ta ce, "To ku zauna ku ci abinci, kafin in ci muku mutunci." Ko sau ɗaya ba ta taɓa waiwayawa ba.

Wata rana, bayan na buɗe shagon, na tambaye shi me ya sa yake wahalar da hannunsa, tunda ya san ba gani take ba.

Ya shafa gashin baki ya ce, "Ƙeyarta nake ɗaga wa, 'yata. Ko cikin mata dubu na san ta. Fuskar kullum faɗa take min, ƙeyar kuwa ba ta taɓa ce min uffan ba."

Ni dai ban yarda cewa daga wannan nisan mutum na iya bambance ƙeya ba. Amma na ga amfanin farar rigar da fitilar gas, kuma tun daga ranar nake ba bayan kanta lokacin da ya fi na kowa.

Da ya yi ritaya sai ya samu sabon aiki a gefenta. Ya ajiye kujerarsa jikin tata, kafaɗa na gogar kafaɗa, shi yana kallon teku ita tana kallon ganuwa. A lokacin ɗansu tilo, Saverio, ya kama aikin inji a jirgin da ke zuwa Albaniya da dare, ya kuma gaji al'adar ubansa, sai dai shi da tocila yake yi. Baba ya zama idon Goggo. Duk wanda ya zauna kusa da teburinmu a shekarun nan ya san wannan hirar, wasu ma don ita suke matso da kujerunsu.

"Sun kwance igiyar baya, Gimbiya. Ga shi yana janyewa a hankali, kamar ke in an tashe ki da safe. Mutane maƙil a sama. Akwai wata mai jar riga tana ta kuka, ina jin saurayi ta bari."

"Kai Kyaftin, ka ji tsoron Allah. Daga nan kake ganin hawayen? Yaron fa?"

"Ki yi haƙuri mana, inji yake tayarwa, ba shayi yake dafawa ba. Yawwa, ga shi nan. Ga tocila. Sama, ƙasa, sama."

"Ya sa rigar sanyi?"

"Biyu ya sa."

"Maƙaryaci."

Sai ta yanko masa tsakiyar kankana, inda ba ƙwallo, ta dangwara masa a gaba kamar dole aka yi mata. Ni a wurina wannan ne daɗin bakin ruwa, ya fi min fitilun da iskar. Na sha rufe shago da wuri, ina barin mata da jiƙaƙƙen kai suna zagina, don kada in rasa shi.

A bazarar bara abin ya lalace. Wani dare mun ci shinkafa da dankali, ƙararrawar babban coci ta buga lokacin da jirgin ya saba tashi, sai Baba ya gyara zama ya fara. Sun kwance igiya, yana janyewa, an kunna fitilun sama. Na ɗaga kai na duba. Jirgin yana nan ɗaure daram, bakinsa a buɗe, manyan motoci na ta shiga, ya makara ranar. Muka kalli juna ni da mijina. Baba ya ci gaba abinsa har ya kai kan tocila.

A teburin da ke kusa da namu akwai Trifone, tsohon direban bas, abokin kartarsa kuma abokin faɗansa tun suna samari. Ba da mugunta ya yi ba, na tabbata. Ya leƙo da karta a hannu yana dariya ya ce, "Onofrio, kwalba nawa ka sha yau? Wane jirgi ne ya tashi? Ga shi can baki buɗe yana haɗiyar motoci!"

Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu a hanya. Baba ya ajiye cokali a hankali, ya ɗan laluba gefen tebur. Ya ce, "Graziella, kama min hannu, gida zan koma." Tunda nake ban taɓa jin ya roƙi wani ya kama masa hannu ba. Muka hau lungu hannunsa cikin nawa, ina haɗiye hawaye.

Likita ya ce ciwon suga ne ya cinye jijiyoyin idon, ba abin da za a iya yi. Haske kawai yake gani dishi-dishi. Ashe ya daɗe yana ɓoyewa, da kunne yake bayar da labarin nan, da ƙararrawar coci da ƙahon jirgi da abin da ya haddace. Na je na samu Goggo a kicin don in lallaɓa in gaya mata, sai na tarar ni ce baƙuwar labarin.

Ta ce, "Na daɗe da sani. Mutumin da ke yanka albasa yana kallon rufin ɗaki, sai ga shi yana laluben wuƙa?"

"Kika yi shiru, Goggo?"

"Yana ba ni labari, ina ji, yaron yana dawowa. Me ya ragu?"

Daga ranar Baba bai sake saukowa bakin ruwa ba. Ya samu kujera a ƙuryar ɗaki ya zauna, ko rediyo ba ya kunnawa. Mai surutun nan ya koma i da a'a. Abinci sai ya tsakura ya ture, wando ya fara yi masa yawa, gashin bakin ma ya daina gyarawa. Trifone ya zo ba sau ɗaya ba, da kartarsa a aljihu da kunyarsa a fuska, Baba ya ce a ce masa yana barci. Mun gwada fita da teburin ba shi, na karɓi aikinsa. Na ce jirgi ya tashi, Saverio ya ɗaga tocila, ya wuce. Goggo ta ce ni ko labarin gobara na bayar sai mutum ya yi gyangyaɗi. Bayan 'yan kwanaki ita ma ta daina zuwa, ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai cikin zafin nan ba. Gurbinmu ya zauna wayam. Trifone ne ke ajiye bokitin ƙanƙararsa a wurin, yana korar duk wanda ya matso.

Tsoro ya kama ni sosai. Na ga tsofaffi a lungunmu da suka rufe ƙofa da bazara, kafin sanyi ya wuce muka ɗauke su a kafaɗa. Baba hanyar ya kama, kowa na gani, kuma ba makanta ce za ta kashe shi ba, rashin amfani ne. Abu ɗaya na san zai iya fito da shi: ya zauna a gaban tashar nan wani ya ba shi labarinta, kuma ba daga bakin kowa zai karɓa ba sai ɗaya.

Ranar hutunsa Saverio ya zo gida, ya ci abinci cikin shirun nan da ya cika ɗakin. Da na rako shi ƙofa sai ya tsaya yana wasa da makullin babur ɗinsa ya ce, "Yaya, har yanzu fa ina fitowa da tocilar. Ban ma san wa nake ɗaga wa ba. Baba ba ya gani, Mama ba ta kallo, yanzu ma gurbin duhu ne." Labulen ƙofar ya ɗan motsa a bayanmu, na san Goggo ta ji.

Asabar ta zo, ta zauna a kujerata, ni kuwa na cika na batse. Ina da saurin baki, duk dangi sun sani, kuma a wurinta na gaje shi. Na ce, "Goggo, camfi zai kashe miki miji kina zaune. Kujera ce fa kawai. Ki juya ta, ki gaya masa abin da kike gani, shi ke nan. Mutane nawa ne ke kallon jirgin nan kullum har ya ɓace, wa ya nutse?"

Ta dube ni ta cikin madubi ta ce, "Ɗanki ne a ciki?"

Na ajiye mataji. Ta ci gaba:

"Su idonsu bai taɓa kashe kowa ba. Nawa ya kashe. In na juya, yaron nan ya tafi bai dawo ba, ke za ki haifa min wani?"

Ta tashi da gashinta rabi a gyare, ta ɗaura ɗankwali ta fita. Na zauna na yi kuka don haushi, haushinta da haushin kaina. A wurina kujera ce. A wurinta zaɓi ne tsakanin mijinta da ɗanta, kuma ba wani bayani da zai sa ta ga abin daban.

Ba mu yi magana ba sai tsakiyar mako. Da la'asar ina wanke kan wata, sai ga Goggo ta shigo, ba ranarta ba, farar rigar sanyin a rataye a hannu. Ta wuce matan da ke jira ba ko sannu, ta hau kujera ta cire ɗankwali. Na ɗauki mataji na zagaya bayanta yadda na saba.

Ta ce, "Bar bayan nan. Yau gaba za ki gyara."

Matajin ya kusa faɗuwa daga hannuna. Ban tambaye ta komai ba, na san in na tambaya za ta fasa. Na gyara mata gaban nan kamar ta amarya.

Fito da Baba kuwa sai da aka kai ruwa rana. Mijina ya ɗauki tebur, ni na ɗauki tukunya, muka tsaya a ƙofa muna ji.

"Tashi, Kyaftin, ka sa takalmi."

"In je in yi me? Kallon duhu? Akwai shi a nan, ba sai na yi tattaki ba."

"Magana zan gaya maka, kuma ba ta ɗaki ba ce."

"Faɗe ta a nan."

"Wallahi in ba ka tashi ba, Trifone zan kira ya goya ka, duk gari su gani. Zaɓi ɗaya."

Ya tashi. Ta gyara masa gashin baki da yatsa, ta saƙala hannunsa a nata, suka gangara kamar masu zuwa coci.

Trifone na ganin mu ya janye bokitinsa da sauri, har ya zubar da rabin ƙanƙarar. Aka kafa tebur, aka kunna fitilar gas, aka zaunar da Baba yana fuskantar teku. Goggo ta tsaya riƙe da kujerarta. Ta yi alamar gicciye, ta runtse ido, ta juya kujerar, ƙafafunta suka yi ƙara a kan dutse. Ta zauna. Teburan da ke kusa duk suka yi tsit, wata tsohuwa mai soya tuwon masara ta bar kaskonta ta matso. Baba ya ji ƙarar, ya kai hannu ya taɓa gwiwarta, ya gane inda take fuskanta.

Ya ce a hankali, "Porzia, ba sai kin yi ba."

"Rufe min baki, kada ka sa in fasa."

Ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallo, fitilun tasha na wasa a fuskarta. Baba ya kasa haƙuri ya ce, "To? Me kike gani?"

"Ruwa."

"Madalla. Na daɗe ina zargin haka."

Mutane suka fashe da dariya, Trifone har da share ido. Dariyar ce ta kwance mata harshe.

"Ka cuce ni, Kyaftin. Mai jar riga, mai koriyar riga, duk ka faɗa, amma ba ka taɓa gaya min fitilu suna kwanciya a kan ruwa ba. Ga su nan dogaye har ƙafarmu, suna rawa. Ashe abin da kuke kallo ke nan ina zuba muku abinci."

"Jirgin fa?"

"Ƙazami ne. Tsatsa duk gefensa. Kai ka ce min fari ne fat! A cikin wannan ɗana yake kwana? Wa ke wanke shi?"

"Teku ke wanke shi, Gimbiya."

"To bai iya wanki ba."

Baba ya yi dariya, irin wadda muka manta sautinta. Ya shiga yi mata tambaya, an rufe bakin jirgin, hayaƙin baƙi ne ko fari, akwai masu igiya a ƙasa. Tana amsawa yana gyara mata sunan abubuwa, tana ce masa ita ke gani ba shi ba. Ba tare da ya lura ba ya cinye abin da na zuba masa.

Sai ƙahon jirgi ya yi kuka. Na ga hannun Goggo ya kama wuyan hannunsa. Muryarta ta sauka.

"Sun saki igiya. Yana motsi. Yana juyowa." Ta ƙura ido. "Ga wani haske a baya, ƙarami. Sama, ƙasa, sama." Ta miƙe rabi daga kujera. "Shi ne! Shi ne, kuma wallahi da 'yar singileti yake! Ka ce min biyu yake sawa, maƙaryaci!"

Ni dai ban ga singileti ba daga nan, amma ban yi gigin musu ba. Hawaye na zuba a fuskarta ba ta ko share ba. Ta ce wa Baba, "Haka kake yi a da?"

"Haka. Sai dai ni da tawul, kuma na fi shi kyau."

"Kullum?"

"Kullum. Har da ruwan sama."

Jirgin ya miƙe ya nufi bakin tasha, inda jar fitila take a ƙarshen katanga. Daga can sai buɗaɗɗen teku da duhu. Na zaci Goggo za ta juya ko ta rufe ido, sai na ga ta sandare, ido a buɗe. Yarinyar nan ce da ta hau dutse, ba ta iya dainawa.

Ta ce, "Onofrio, na kasa ɗauke ido. Na kasa."

Ban taɓa jin ta kira sunansa ba sai ranar. Ya ce, "Ya kai jar fitila?"

"Ya kusa. Ya kai."

Ya ɗaga dogon hannun nan nasa, ya laluba goshinta, ya rufe mata ido da tafinsa.

"To naki ya ƙare, Gimbiya, a cikin tasha kika gan shi, ba ki gan shi ya ɓace ba. Daga nan nawa ne. Ni idona ko ganin jirgin ba ya yi, balle ya bi shi."

Sai ya fara ba ta labarin da bai taɓa ba ta ba, na abin da ke bayan jar fitila. Yadda jirgi ke ɗaga kai in ya haɗu da igiyar ruwa ta farko, tukwane su fara zamewa a kicin. Yadda gari ke komawa layin haske ɗaya a baya, mutum ya tsaya da tawul a kafaɗa yana neman fitilar da ta karkace. Yanzu yaron ya sauka ƙasa, ya ce, ya goge hannu, ana zuba masa shayi. Ta jingina da shi, tafinsa a kan idonta, har jirgin ya ɓace wa kowa. Sannan ya sauke hannun, ita kuma ta nemi wuƙa ta yanka kankana.

Ba zan ce ta samu barci ba. Daren nan da wanda ya biyo a zaune ta yi su, kyandir kuwa ta kusa ƙarar da na cocin Waliyyi Nikola. Da safen da jirgin zai dawo ina gidan. Muka ji babur a lungu, Saverio ya ɗaga labule da jakarsa, baki har kunne, don labari ya riga ya kai masa.

"Mama, an ce kin gan ni?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta taɓa fuskarsa da hannu biyu, sannan ta zabga masa tawul a kafaɗa. "Na ga wani sakarai tsirara yana wasa da tocila, ya bar injin mutane. Zauna ka ci abinci."

Yanzu kujeru biyu ne a gindin karkatacciyar fitila, duka suna kallon ruwa. Goggo ta zarce mijinta a ƙarin gishiri, jiya ma ta ga wani fasinja yana satar kallon matar wani. Har yau ba ta yarda camfi ba ne, kuma na daina gardama. Duk daren tashinsa, jirgin na kai jar fitila hannun Baba zai tashi ya rufe mata ido, ba ya wuri ba ya latti. Abin ya dami Trifone, har ya ajiye karta ya tambaye shi yadda makaho ke sanin jirgi ya kai wurin.

Baba ya miƙa masa wuyan hannunsa, inda shatin yatsunta ya fito.

Ya ce, "Ita ke gaya min. Takan matse ni."